Bukukuwan Ekklisiya da Mutanen Bakin Ƙofa

Kowace shekara ekklisiya tana bin sawun Ubangijinta daga komin dabbobi a Baitalami zuwa gicciye, daga kabarin da aka tarar ba kowa a ciki zuwa saukowar Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan ta yi godiyar kaka kafin ta sake komawa ga jiran haihuwarsa. Ba rana ɗaya aka kafa wannan tsari ba. Idin tashin Almasihu daga matattu shi ne mafi daɗewa, har taron shugabannin ekklisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ya tattauna yadda masu bi za su riƙa yinsa a rana ɗaya. Bisa lissafin da ekklisiyoyin ƙasar nan suke bi, yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kirsimeti daga baya ya zo, gama shaida mafi daɗewa ta yinsa ran 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma, a shekara ta 336. Ɗarikoki kuma sun bambanta. Katolika da Angilikan da Lutheran suna kiyaye azumin kwana arba'in tun daga Laraba ta Toka, waɗansu kuwa irin su ECWA da Baptis ba su cika ɗora nauyi a kan wannan ba, sun fi sanin taron Ista da makon addu'a da godiyar kaka. Amma babu iyalin Kirista da ba ya dafa shinkafa ran Kirsimeti in da hali.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: sa'ad da iyali ya yi idi, su wane ne ya wajaba su kasance cikin murnar? Ko iyali zai iya cewa ya kiyaye idin Ubangiji, alhali mutanen da suka ɗauki wahalar idin ba su ɗanɗana kome daga cikinsa ba?

A wurare kaɗan ne wannan tambaya take fitowa fili kamar yadda take a Gwarinpa. Wannan babban rukunin gidaje da ke gefen babbar hanyar Kubwa, gwamnatin tarayya ce ta gina shi a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, bayan an dawo da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991. Ana yawan cewa babu rukunin gidaje mai girmansa a Afirka ta Yamma. Wanda ya bi manyan titunansa, daga na ɗaya har na bakwai, abin da zai fi gani shi ne katanga da ƙofar ƙarfe. Akwai ƙofar shiga unguwa, akwai ƙofar layi, akwai ƙofar gida, a bakin kusan kowacce kuma akwai mutum zaune a kan benci ko cikin wani ɗan ɗaki da bai fi ya ɗauki tabarma ba. A bayan gida akwai 'yar aiki. Da sassafe direbobi da masu wanki da guga da masu shara sukan shigo daga Dutse Alhaji da Dawaki da Kubwa da Karimo, su koma da dare. Da yawa daga cikin waɗannan Hausa ce harshen da suke addu'a da shi, ko sun fito daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Borno, ko daga Katsina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan tambaya ba amsa. A Maimaitawar Shari'a sura 16, inda Musa ya tsara wa Isra'ilawa manyan idodinsu uku na shekara, wato Idin Ƙetarewa da Idin Makonni da Idin Bukkoki, bai tsaya ga faɗin rana da irin hadaya ba. Sau biyu, a aya ta 11 da ta 14, ya lasafta waɗanda za su yi murna tare da maigida: 'ya'yansa maza da mata, barorinsa maza da mata, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Murna a nan umarni ce, jerin sunayen kuma yana cikin umarnin. Dalilin da aka bayar a aya ta 12 shi ne su tuna su ma bayi ne a dā a ƙasar Masar. Wani shahararren malamin Yahudawa mai suna Rashi, wanda ya zauna a Faransa ya rasu a shekara ta 1105, ya lura cewa jerin ya rabu huɗu da huɗu. Huɗu na farko na maigida ne, huɗu na ƙarshe na Allah ne, domin ba su da gādo ko mai tsaya musu. Ma'anar a ganinsa ita ce, wanda ya faranta wa mutanen Allah huɗu, Allah zai faranta wa nasa huɗu. Abin lura shi ne bara da baranya suna cikin huɗun maigida, kusa da ɗa da 'ya. Ba a sa su cikin masu karɓar sadaka ba, an sa su cikin mutanen gida.

Wani zai ce wannan shari'ar Musa ce, mai bi kuwa ba ya ƙarƙashinta. Gaskiya ne Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa kada su bar kowa ya hukunta su a kan idi ko tsayawar wata ko Asabar, ya kuma nuna wa Romawa a sura 14 cewa fifita wata rana a kan wata abu ne da kowa zai tsai da shi a zuciyarsa. Saboda haka ba wanda zai hallaka domin bai yi Kirsimeti ba. Amma abin da ya wuce shi ne tilascin ranar. Halin Allahn da ya ba da umarnin bai sāke ba. In iyali ya zaɓi ya yi idi da sunan Almasihu, ba shi da ikon yinsa ta hanyar da ta fi ta Musa ƙunci, gama fansar da mai bi yake tunawa ta fi fitowa daga Masar girma nesa.

A ɗauki Kirsimeti. Daga wajen 20 ga Disamba Gwarinpa takan fara yin shiru. Motoci cike da buhunan shinkafa da galan-galan na mai sukan kama hanyar Kafanchan da Jos da Yola da Makurɗi, waɗansu su nufi kudu. Wannan tafiya ba abin zargi ba ce. Zumunta a ƙafa take, girmama iyaye umarni ne, Bulus kuma ya faɗa wa Timoti cewa wanda ya ƙi kula da danginsa ya mūsa bangaskiya. Ƙauyuka da yawa, rufin majami'arsu da kuɗin makarantar marayunsu daga aljihun 'ya'yansu na Abuja suke fitowa. Sai dai tafiyar maigida tana tsaye ne a kan zaman wani. Kafin a kulle ƙofa akan kira maigadi a ja masa kunne cewa lokacin ɓarayi ne, kada ya matsa ko nan da can. Shi ma yana da tsohuwa a ƙauye, yana da 'ya'yan da suke zuba ido a hanya. In Kirista ne, ba zai je sujadar safiyar Kirsimeti ba, domin ba wanda zai bar wa ƙofa. Haka za a yi bara, a yi bana, a yi baɗi, har shekara biyar ta wuce bai ga Kirsimeti a gidan ubansa ba, ba kuwa wanda ya taɓa tambayarsa.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce aikinsa ke nan, domin haka ake biyansa, dole kuma wani ya yi tsaro. Akwai gaskiya a ciki. Likitoci da masu jinya da 'yan sanda ma suna aiki ran idi. Amma asibiti yana da jerin karɓa-karɓa, wanda ya kwana bana zai huta baɗi, akwai hutun shekara, akwai alawus. Maigadin gida shi kaɗai ne jerin. Abin da ake nema a wurin iyalin Kirista a nan ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne: maƙwabta uku ko huɗu da ke layi ɗaya za su iya shirya yadda masu gadinsu za su riƙa karɓar juna, iyali zai iya jinkirta tafiyarsa wata shekara ya sallami nasa da kuɗin mota, ko a ba shi makonsa a Janairu ba tare da an taɓa albashinsa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota zuwa gida da dawowa yakan cinye rabo mai yawa na albashin irin wannan ma'aikaci, saboda haka ba shi hutu ba tare da kuɗin hanya ba kusan daidai yake da hana shi.

Luka ya rubuta cewa waɗanda aka fara kai wa albishir na haihuwar Mai Ceto makiyaya ne da suke kwana a fili suna tsaron garke da dare. Masu gadi ne, kuma a bakin aiki labarin ya same su. Yara sukan yi wasan kwaikwayon wannan kowace shekara da sanduna da tsofaffin barguna, iyaye suna tafi, ba a cika tunawa da wanda aka bari a bakin ƙofa da tocila ba.

Lokacin azumi ya fi tsanani. Annabi Ishaya a sura 58 ya kawo ƙarar mutanen da suka yi azumi suna mamakin me ya sa Allah bai kula ba, amsar da aka ba su kuwa ita ce a ranar azumin nan suna matsa wa ma'aikatansu. Azumin da Allah ya zaɓa, in ji annabin, ya ƙunshi kwance karkiya, da raba abinci da mayunwaci, da shigo da matalauci marar mafaka cikin gida. Shari'a ta riga ta hana a bar hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, Yakubu kuma a sura ta 5 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji. A shekara ta 2024 gwamnatin tarayya ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan mai ɗaukar ma'aikata ƙasa da 25 ba. Wato hukuma ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa a Gwarinpa ta tambayi nawa ake biyan maigadi ko kuku ba. Abin ya rage tsakanin maigida da lamirinsa. Mutumin da ya bar cin nama kwana arba'in, amma ya riƙe albashin direbansa wata biyu yana cewa a yi haƙuri abubuwa sun yi wuya, ya kamata ya sake karanta surar nan a natse. Haka nan mai azumin kwana ashirin da ɗaya na farkon shekara, wanda ya zama ruwan dare a ekklisiyoyin Abuja.

Batun 'yar aiki ya fi na maigadi ɓoyuwa, domin sau da yawa ba a kiranta 'yar aiki. 'Yar ƙanwar uwargida ce, ko 'yar wani ɗan ekklisiya a ƙauye, an ɗauko ta da alkawarin za a sa ta makaranta. Akwai gidajen da suka cika alkawarin, yarinyar ta yi karatu, ta yi aure daga gidan da daraja. Wannan riƙo ne irin na dā, kuma abin yabo ne. Akwai kuma inda yarinya 'yar shekara goma sha biyu take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta ita tana wanke-wanke, ran Lahadi a bar ta ta dafa abincin rana, ran Kirsimeti a ɗinka wa kowa sabon kaya ita a ba ta kwance. Dokar Kare Hakkin Yara ta shekara ta 2003, wadda take aiki a Babban Birnin Tarayya, ta hana a sa yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsa, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara na farko. Kalmar “dangi” ce mafakar da ake shiga. Amma gwajin mai sauƙi ne. In 'ya ce, sunanta yana cikin rajistar makaranta, kwanonta ɗaya da na sauran, kuma iyayenta suna ganinta. In ma'aikaciya ce, to, ta isa aiki, tana da albashi da ranar hutu. Abin da ba shi da wurin tsayawa a gaban Allah shi ne a kira ta 'ya sa'ad da ake maganar albashi, a mai da ita baranya sa'ad da ake maganar makaranta.

Daren da aka ba da shi, Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da baran gida yake yi. Ba a daɗe ba sai ga ekklisiyar Koranti tana cin Jibin Ubangiji yadda waɗansu suke ƙoshi har su bugu, waɗansu kuwa suna zaune da yunwa. Masana da yawa suna ganin masu hali ne suke isowa da wuri su fara ci, bayi da 'yan ƙodago kuwa sai sun gama aikin iyayengijinsu. Hukuncin Bulus a 1 Korantiyawa 11 shi ne abin da suke ci ɗin nan ba Jibin Ubangiji ba ne sam. A ekklisiyoyi da yawa na Abuja akwai sujadar Turanci akwai ta Hausa, wannan kuwa daidai ne, gama ran Fentikos kowa ya ji bishara da harshensa, kuma tun shekara ta 1932 masu bi na Arewa suke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Amma ya kamata dattawa su duba ko rabon harshe bai zama rabon aljihu ba: wace sujada ce take samun babban ɗaki da lokaci mai kyau da babban fasto, kuma mutum nawa daga sashen Hausa suke zama a kwamitin kuɗi. Rikicin farko da ya tashi a ekklisiyar Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna, a kan rabon abinci ne tsakanin gwauraye masu harshe biyu, manzanni kuwa ba su ce a yi shiru domin zaman lafiya ba.

A Littafin Firistoci sura 23, cikin tsakiyar jerin idodi, nan da nan bayan Idin Makonni, akwai aya ɗaya da take kamar ta ɓata hanya. Aya ta 22 ce, wadda ta hana manomi girbe gonarsa har gefe ko komawa kala, domin a bar wa matalauci da baƙo. Ba ta ɓata hanya ba. Wanda zai kawo nunan fari gaban Ubangiji, an tuna masa cewa akwai rabon wani a gonar tun kafin ya ɗaura dami. Da irin wannan kala Rut Bamowabiya ta ci da surukarta a gonar Bo'aza, daga zuriyarta kuma aka haifi Dawuda. Mazaunin Gwarinpa ba shi da gona a bayan gida, godiyar kakarsa a ambulan take, wani lokaci da rawa har gaban bagade da kiran suna a lasifika. Yahaya Kirisostom, wanda ya zama bishop na Kustantiniya a shekara ta 398, ya taɓa tsawata wa masu arzikin zamaninsa cewa ba amfani a ƙawata teburin Almasihu da kofunan zinariya alhali shi kansa yana waje cikin siffar matalauci yana fama da yunwa. Gefen gonar ma'aikacin ofis shi ne abin da ya ƙi matsewa alhali yana da iko: cinikin da bai kai wa mai tallan ayaba har ƙashi ba, kuɗin asibitin matar maigadi, kuɗin jarrabawar ɗan direba.

Kyautar ƙarshen shekara tana da kyau, amma ba ta isa ta maye gurbin wannan ba. Ran 21 ga Disamba, 2024, mutum goma suka rasu, har da yara, cikin turmutsutsu wajen rabon kayan abinci na Kirsimeti a majami'ar Katolika ta Holy Trinity da ke Maitama. Masu rabon alheri suka nufa, ba kuwa wanda zai ce a daina ciyar da mayunwata. Abin da ranar ta tona shi ne yawan mutanen da ke kewaye da unguwannin masu hali, waɗanda yunwa ta kai su ga yin sammako su yi cunkoso saboda 'yar shinkafa. Yunwar wata goma sha biyu ba ta jiran Disamba. Iyalin da yake biyan mutum uku hakkinsu cikakke kowane wata, ya rage gida uku daga layin nan.

Saura maigadin da ba Kirista ba, gama da yawa a Gwarinpa Musulmi ne. Baƙon da Musa ya ambata shi ma ba Ba'isra'ile ba ne, duk da haka an sa shi cikin murnar. Arewa tana da tsohuwar al'ada mai kyau, ta aika wa maƙwabci abinci ran Salla da ran Kirsimeti, a Kaduna da Jos da Zariya tsofaffi suna tunawa da lokacin da ba a tambayar addinin mai kwano. Shigar da Musulmi cikin murnar idi ba ya nufin a tilasta masa zama cikin addu'ar iyali, domin wanda albashinsa yake hannun wani ba ya iya cewa a'a da sakin zuciya, bangaskiyar da aka saya da tsoron kora kuwa ba ta da daraja. Yana nufin a ba shi abinci irin wanda zai iya ci, daga tukunyar da aka ci, tun da zafinsa. Yana kuma nufin a sake shi ya je masallacin Jumma'a, a ba shi hutun Sallarsa yadda maigida yake so ofishinsa ya ba shi na Kirsimeti. Shaidar da irin wannan mutum zai kai Daura ko Maraɗi game da Kirista, daga abin da ya gani a bakin ƙofa za ta fito.

Akwai kuma waɗanda ba su da inda za su je ko an ba su hutu. Tun shekara ta 2014, da Boko Haram ta mamaye Gwoza da kewayenta, iyalai da yawa suka gudo Abuja suka zauna a sansanoni irin na Durumi da Kuchingoro da Wassa, da yawansu 'ya'yan ekklisiyar EYN da COCIN ne, waɗansunsu kuma su ne suka shiga aikin gadi da leburanci a cikin gari. Su ne maraya da gwauruwa da baƙo na jerin nan, a zahiri. Gbagyi kuma, waɗanda ƙasarsu ce aka yanka aka yi birnin tun daga dokar shekara ta 1976, kuma bishara ta iso musu a Karu da Diko tun kafin a yi mafarkin Abuja, ƙauyensu na Gwarinpa yana nan a matse tsakanin katangun baƙi. A cikin labarin mai arziki da Li'azaru, Luka bai ce mai arzikin ya taɓa korar miskinin daga ƙofarsa ba. Ya ma san sunansa, gama ya kira shi da shi daga cikin azaba. Wucewa kawai yake yi ta gefensa kowace rana, har ranakun shagali, waɗanda a gidansa kullum ne.